Malam Haladu da Kawunan Sukuru

Ina cikin zuba dawa a injin niƙa a Ruwan Bago wani direba ya tsaya bakin rumfa, ya yi sallama, ya ce Malam Haladu mai gyara ya rasu da hantsi a Ƙaraye. Na kashe injin, na zauna a kan buhu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tare muka koyi gyara tun lokacin da sukuru iri ɗaya muka sani, mai tsaga guda, wanda ko da bakin wuƙa ana kwance shi. Rediyo mai kaset ta zo da mai tsaga gicciye, wanda muke kira sita, shi da abin kwance shi. Can kuma sai ga mai rami kusurwa shida. Kowanne Malam Haladu sai ya nemo masa abin kwancewarsa, in babu ya ƙera. Yakan ce, "In ka cinye wa sukuru kai, wanda zai zo gyara bayanka ka zalunta."

Wani rani cikin azumi, famfon tuƙa-tuƙa na garinmu ya tsaya, rijiyoyi kuma sun ƙafe. Mata na tafiya har fadama da tulu. Na aika masa, ya zo a kan keke. Sukurun murfin mai kusurwa shida ne, babu mai mabuɗinsa a duk yankinmu na Rogo. Matasa suka kawo guduma.

"Malam, a fasa kawai, yara na jin ƙishi," in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, in mun fasa yau, da me za mu rufe? A yi mini haƙuri zuwa la'asar."

Ya zauna gindin darbejiya da guntun ƙarfe, yana gogawa yana gwadawa, leɓɓansa sun bushe, yatsansa na jini. Da ruwan famfon nan muka yi buɗa-baki. Ƙarfen kuma ya bar wa mai unguwa.

A ƙarshen rayuwarsa ido ya yi rauni. Sai ya shafa kan sukuru da babban yatsa ya ce, "Audu, miƙo mini ƙaramar sita." Bai taɓa yin ƙorafi a gabana ba.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, mai ɗakinsa ta aiko mini da wata rediyo a buɗe, sukurunta a jere cikin murfin gwangwani. Ta wata tsohuwa ce, ya gama gyaranta, rufewa ta rage. Na ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, ba na gani sosai saboda hawaye.

Allah Ya jiƙan Malam Haladu, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya 'ya'yan da ya bari, Ya sa mu cika da imani idan tamu ta zo. Amin.