Tsohuwar da ta hwaɗi ba ta hwaɗi ba

Jama'a na ci egizame, wato jarrabawa, amma wallahi ban san yadda aka yi ba!

Yau a likitar da muke istaji, wato koyon aikin jinya, a Madawa, manjo, shugaban masu jinya, ya ba ni wata tsohuwa daga Galma, Inna Hajo, mai ciwon gwiwa. Ya ce in gwada ko tana cikin haɗarin hwaɗuwa, shi ne egizamen. Kun san abin: ta tashi daga kujera, ta tai bango, ta juyo ta zamna, kana ƙidaya lokaci da waya.

Ta tashi da ƙyar, tana tahiya sannu-sannu. Tsakiyar ɗaki sai na ga ta yi ƙasa. Na yar da waya, na cafke ta ta hammata ina salati.

Ta buge min hannu. "Ke ɗiyar nan, sake ni! Ba ki ga mai gari ba?"

Ashe mai garinsu ne ya leƙo ƙohwa, ta durƙusa gaisuwa. Sai da suka gaisa har awaki, sannan ta miƙe da kanta, ba ta dahe komi ba.

Manjo ya ce, "To, mi kika gani?"

Na ce, "Manjo, ba ta hwaɗuwa sai in mai gari na kusa."

Ya yi dariya har da hawaye, ya ce na wuce. Cafkar ce ta ba ni ko amsar? Oho.

Don Allah ku tura wa 'yan gurup ɗin gobe: su ruhe ƙohwa kahin su hwara.