Sunan Maman Wais

Shekara ashirin da biyu katanga ɗaya ce tsakanina da Maman Wais a Tehkal, nan cikin Peshawar. Na san yawan gishirin da take zuba wa miya, na san ƙafar da ke mata ciwo in sanyi ya shigo, tarinta ma ina gane shi cikin na mutum goma. Ni fa ba na ganin ƙulli in wuce ban kwance ba. Mijina Fazal Rabi yakan ce da gwamnati na ɗaukar aikin bin diddigi, da tuni ina cin fansho. Duk da haka sai bara na gano ban san sunan matar nan ba.

Ungozoma ce, a hannun uwarta ta koya. Rabin yaran unguwar nan ita ta yanke musu cibiya, har da nawa huɗu, Jawad ne babbansu. Hannunta sanyi, bakinta yaji. In mai naƙuda ta cika ihu sai ta ce, "Ranar biki ba ki tuna da ni ba, yau kuma har kin san hanyar gidana." Kafin mace ta gama jin haushi, yaro ya faɗo.

Daga Logar aka kawo ta, can Afghanistan, lokacin yaƙin Rasha, tana 'yar shekara biyu. A mangalar jaki, in ji ta, ita a gefe ɗaya, buhun gari da butar shayi a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita. Nakan ce mata ai har yau buhun garin ya fi ta nauyi.

Da masu rajista suka zo sansanin 'yan gudun hijira da babban littafinsu, babanta ya jera 'ya'yansa maza uku aka rubuta. Malamin rajistar ya ce, matan fa? Tsoho ya ce akwai mutanen gida. Aka ce ya faɗi sunayensu. Sai ya miƙe ya kaɗe rigarsa, ya ce sunan 'yarsa ba zai shiga littafin da kowane ƙato zai lashi yatsa ya buɗe ba. Ba wanda ya ga laifinsa, nawa uban ma haka zai yi. Bayan shekaru aka zo da kati mai hoto, lokacin tana gidan miji, shi kuma ya ce fuskar matarsa ba ta shiga akwatin hoto. Uban ya rasu, mijin ya rasu. 'Yan'uwanta maza kowa da katinsa, ɗanta Wais mai tuƙa babbar mota zuwa Karachi da nasa, ita kaɗai ba ta da ko ƙyallen takarda.

Sai ga sanarwa cewa duk baƙon da ba shi da takarda ya tattara ya koma ƙasarsa, in ba haka ba a ɗauke shi a kai shi iyaka a Torkham. Motoci suka fara wucewa ta babban titi, an ɗaure gadaje da awaki a sama.

Da la'asar ɗin nan ta shigo da bolani mai zafi, irin gurasarsu mai dankali a ciki, muka zauna a tsakar gida da koren shayi. Fazal Rabi yana can bayan labule da rediyonsa. Shekara talatin ya yi yana gadin ƙofar da ke tare titi in jirgin ƙasa zai wuce, har yau komai a wurinsa ko a buɗe ko a rufe.

Ya ce, "Doka doka ce. Ƙasa ba kasuwa ba ce da kowa zai shigo ya shimfiɗa tabarma."

Na ce, "Kai malam, da wace ƙafar ta shigo? Jaki ne ya karya doka, a je a nemo shi."

"Ni ban ce ita ba. Amma in aka bar mutum ɗaya don an kawo shi yana yaro, gobe kowa zai ɗauko yaro ya tsallako."

"To cinye bolanin tukuna. Shi ma ba shi da kati."

Maman Wais ba ta yi dariya ba. Lala take ce wa mijina, wato yaya. Ta juya kofinta ta ce, "Lala Fazal bai yi ƙarya ba, gida yana da mai shi. Ni dai tambayata ɗaya ce. Ana ta ce min koma, koma. Ina? In an sauke ni a Logar, dama zan yi ko hagu?" Can kuma ta ce, "Wai da gaske inabinsu ya fi na nan? Inna har ta mutu tana wannan maganar. Wani lokacin nakan so in gani. Amma in gani in dawo, Maman Jawad, ba in gani in zauna ba."

Fazal Rabi ya ƙara muryar rediyo. Amma washegari shi ne ya kawo labarin wata lauya da ke shigar da ƙara a madadin irinsu. Wai a bakin tanderun gurasa ya ji, ba nema ya yi ba. Na ce to, sannu da rashin nema.

Lauyar yarinya ce ƙarama mai tabarau. Ta ce ba ta yi mana alkawarin komai ba, amma in ƙara ta shiga akwai takardar da ake bayarwa, mai yiwuwa 'yan sanda su ƙyale mutum har ranar zaman kotu. Ta ce a kawo duk wata takarda mai sunan Maman Wais. Nan na sami aikin da ya dace da ni. Na zazzage akwatin ƙarfenta kaf. Takardar ɗaurin aure ta ce "'yar Nurgul", katin asibiti ya ce "matar Abdul Wahid", takardar makarantar Wais ko zancen uwa ba ta yi ba. Ina zaune cikin tarin tsummoki sai abin ya faɗo min.

Na ce, "Ke, wai meye sunanki?"

Ta ce, "Yau kika waye?"

"Wallahi da gaske nake."

"Shekara ashirin da biyu kina aron rariyata ba ki tambaya ba. Yi ta canka."

Na canki Shirin, na canki Torpekai, na canki duk sunan da na taɓa ji a bakin mutanen Kabul. Ta ce ko kusa. Ta ce rabon da wani ya kira shi tun rasuwar Innarta, shekara goma sha biyar, kuma ba za ta fara da ni ba, don kafin magariba masu sayar da gawayi ma sun ji.

Da babu takarda, lauyar ta ce sai ɗan'uwa na jini mai kati ya rantse gaban mai rubuta rantsuwa, ya faɗi sunanta, ya ce ƙanwarsa ce kuma da shi aka shigo da ita. Wais yana hanya, kuma shi ai bai ga shigowarta ba. Saura babban wanta, Lala Bazgul, mai sayar da busassun 'ya'yan itace, dattijo mai gemu ja da lalle.

Da muka gaya masa sai ya ajiye ma'auni. Ya ce, "In faɗi sunan ƙanwata a bainar maza? A bakin kotu? Gara in rufe shagon nan in hau mota mu koma tare."

Na ce ta cikin mayafi, "Lala, kai da gwiwarka ba ta kai ka masallaci sai da sanda, kai ne za ka hau dutsen Logar?"

"Ke matar Fazal, bakinki ba ya hutawa?"

"Yana hutawa in ina cin zabibinka. Miƙo."

Kwana uku yana juya maganar. A rana ta huɗu 'yan sanda suka kwashe wasu mata biyu a layin bayanmu, da hantsi sai ga shi a ƙofa da sabon rawani.

Mai rubuta rantsuwa yana da teburi a ƙarƙashin bishiya a harabar kotu, maza sun yi masa zobe kowa da takardarsa. Lala ya tsaya, zufa na bin gemunsa. Ya ce a ba shi alƙalami ya rubuta, sannan ya tuna bai iya rubutu ba. Ya dubi mazan nan ya dube ni. Na gane. Na buɗe murya na ce duk wanda bai matsa ba zan gaya wa matarsa na gan shi a layin masu neman saki. Suka ja baya suna dariya.

Lala ya sunkuya har gemunsa na shafar kunnen malamin, ya yi raɗa. Malamin ya rubuta, sannan ya karanta da ƙarfi, don haka aikinsu yake: "Zarlashta, 'yar Nurgul."

Na ce a raina, yau dai na ji. Sai muryar Maman Wais ta fito daga cikin shuɗin lulluɓinta.

"Lala, Zarlashta ita ce wadda ƙyanda ta kashe a sansani. Yayata."

Ban taɓa ganin fuskar namiji ta zube haka ba. Tun tana 'yar shekara tara yake ce mata 'yar'uwa, da ta haihu ya koma Maman Wais. Ya ɓoye sunan har ya ɓace masa. Malamin ya ɗaga alƙalami ya ce, "To wanne ne? Rantsuwa ce fa, Haji, ba ciniki ba."

Ita ce ta matso. Ba ta yi raɗa ba.

"Breshna. Sunana Breshna."

Malamin ya yage takardar farko ya ɗauko sabuwa. Ya ce dole mai rantsuwa ya maimaita da bakinsa. Lala ya maimaita, a hankali, kamar mai tauna abu da haƙori mai ciwo, sannan ya dangwala yatsa.

A cikin a-daidaita-sahu muna komawa ba wanda ya yi magana, har ni, ku rubuta wannan. Sai da muka wuce kasuwa Lala ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Wa ya raɗa miki shi? Baba?"

Ta ce, "Inna ta ce kai ka zaɓa. Kana ɗan shekara goma sha huɗu, ka yi ta naci har aka bar maka."

Ya juya fuska wajen titi, har muka sauka bai juyo ba.

Bayan mako biyu lauyar ta kawo takardar. An sa ranar zama bayan ƙaramar Sallah, abin da alƙali zai ce kuwa ba wanda ya sani, ita lauyar ma ta ce kada mu sa rai da yawa. 'Yan sanda sun zo layinmu sau ɗaya. Na leƙa ta kafar ƙofa na ga Maman Wais ta miƙa musu takardar ta ƙarƙashin labule. Babbansu ya karanta, ya juya bayanta, ya sake karantawa, ya mayar mata, suka wuce gida na gaba.