Kaset ɗin Baba

Abubuwa da yawa sun shige mini a rayuwa, amma la'asar ɗin da na fara ɗora kyamara a kafaɗata a Mayahi ba za ta taɓa fita raina ba, sai dai in ƙasa ta rufe mini ido. Yau sana'ata ke nan: mawaƙi na waƙa, ni ina haska fuskarsa a babban allo, na can baya ma ya gan shi kamar yana gabansa. Yara masu koyo sukan tambaye ni yadda na fara. In yi dariya in ce da wasa na fara. Ƙarya nake yi musu, da hasara na fara.

Babanmu makaɗin noma ne a wani ƙauye kusa da Attantane. In aka yi gayya shi ke bin manoma da ganga yana yi musu kirari, har rago ma ya ji kunya ya duƙa. Ni ban gaji gangar ba, gyaran rediyo nake yi a bakin kasuwar Tasawa. A wata damina, zamanin da soja ke riƙe da ƙasa, yayana ya dawo daga Libiya da wata ƙatuwar kyamara, irin wadda ake saka mata babban kaset. Ya ɗauki hoton Baba da ita a gayyar noman farko, hatsi ya yi kore shar, kowa na ganin bana an dace. Daga nan ruwa ya ɗauke cak. Hatsi ya bushe a tsaye, maza suka watse ci-rani, kafin bazara ta shigo Baba ya kwanta kwana huɗu ya cika. Yaya ya koma Libiya, ya bar mini kyamarar da kaset ɗin a ciki. Duk duniya babu wani hoton Baba sai wannan, ko na katin ɗan ƙasa ya ɓace.

Inna ba ta taɓa ganin kaset ɗin ba. Ƙauyenmu babu wuta, balle tele. Ni na kalla sau biyu a telen wani da ya kawo gyara, na sha kukana ni kaɗai. Duk lokacin da na je gida sai ta ce, “Auta, yaushe za ka kawo mani abin nan in ga babanku?” In ce, “Inna, sai da tele da gurup mai ba da wuta, ga isansi, man da yake sha, ya yi tsada. Bari in an kwana biyu.” Ita kuma ba ta iya zuwa Tasawa. Da farko takaba ta tsare ta, daga baya ciwon ƙafa, ga jikoki da aka bar mata. Kwana biyun nan nawa sai da ya zama wata bakwai. Wallahi ba rashin hali ba ne kaɗai, da na matsa da na samu. Ganin gobe na nan ne ya cuce ni.

Rannan sai ga shugaban 'yan orkes na Tasawa, masu kiɗan zamani, ya faɗo rumfata, wani dogo mai gita da baki kamar reza. Ya ce, “Mai rediyo, an ce kana da kyamara kana ɓoyo kamar amarya. A Yamai na ga ana wasa, mawaƙi na waƙa, fuskarsa na fitowa a tele nan take. Ka iya?” Na ce me zai hana, alhali ban taɓa yi ba. Ya ce an gayyace su Mayahi ranar rabon hatsin taimako, kumandan da ke mulkin garin da kansa zai zo. Na ce ban son ko dala. Abin da nake so, in an gama a ara mini tele da gurup da motarsu, rabin yini, in kai ƙauyenmu. Ya miƙo hannu muka tafa. Na ce a raina faɗuwa ta zo daidai da zama, na aika wa Inna saƙo da direban kasuwa cewa ta shirya, ran Lahadi za ta ga Baba.

Ana gobe tafiya na gwada a rumfa. Na haɗa waya daga kyamara zuwa tele, na ga fuskar mai shayin da ke kusa da ni ta fito, muka yi ihu, na kashe. Ko minti biyu gwajin bai kai ba, na ce ai na zama gwani. Sannan na mayar da kaset ɗin farkonsa, don kada in je gaban Inna in tsaya jan lokaci tana jira. Na bar shi cikin kyamarar saboda nan ne na ga ya fi tsira daga ƙura da zafi.

A wata mangaza, babbar ma'ajiya, aka yi wasan, wadda a shekarun ƙoshi ake cika ta da buhunan hatsi, a ranar kuwa wayam take. An zaɓe ta don da ɗan duhu a ciki, tele za ta fito sosai. Aka ɗora telen kan tebur biyu, aka ajiye kujeru a gaba don kumandan da mutanensa, talakawa suka cika baya har bakin ƙofa. Mutane ne da suka wuni a layi cikin rana don mudu biyu uku, amma da fuskar mai gita ta fito a tele, sai wurin ya ɗauki guɗa. Kaina ya yi girma. Ban gama jin daɗin ba hoton ya ɗauke, tele ta koma shuɗi. Na kunna, ya dawo. Bayan ɗan lokaci ya sake ɗaukewa. Sau uku ana haka. Yara suka fara, “Ta mutu! Ta mutu!” Mai gita ya harare ni yana waƙa, wani soja da ke tsaye kusa da ni ya sunkuyo ya ce a hankali, “Malam, ko ka gyara ko ka sauka, kana ba mu kunya.”

Na san jan maɓallin da ke ƙarƙashin babban yatsana na ɗaukar hoto ne, kuma na yi tunanin in tana ɗauka ba za ta kashe kanta ba. Na ce ai hoton Baba a farkon kaset yake, sauran duk fili ne. Na manta shaf da abin da hannuna ya yi jiya. Na danna.

Hoto ya tsaya daram. Kuma kai, ranar na ji daɗin da ban taɓa ji ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai har yau. Na gane in mai kalangu ya zafafa, hannunsa ake nunawa, in mawaƙi ya ja murya sai a matso kan fuskarsa. Na juya kan jama'a, wata tsohuwa ta ga kanta a tele ta rufe fuska da mayafi, mangaza ta kaure da dariya. Mutanen da yunwa ta hana dariya wata da watanni! Kumandan ma sai da ya tafa. Da aka gama na kai yatsa zan tsayar, sai hankalina ya koma kan kaset ɗin. Na tuna jiya na mayar da shi farkonsa. Mai gita ya rungume ni yana cewa, “Shege mai rediyo, ashe kai aljani ne!” Ni kuwa ko gane abin da yake faɗa ban yi ba. Ban iya duba kaset ɗin ba, tsoro ya hana ni.

Washegari da hantsi muka isa ƙauye. Inna ta share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmi, ta kira maƙwabta. Ta ɗaura zanen da take zuwa idi da shi, har da kwalli. A shekarar da tuwo sau ɗaya ake ci, ta dama mana fura. Muka sa telen a zaure, gurup ya tashi. Na durƙusa gabanta na ce, “Inna, na yi ɓarna.” Ta ce, “Mi ya faru?” Sai kawai na kunna. Mai gita ya fito yana waƙa. Wata maƙwabciya ta ce, “A'a, wannan ai ba shi ba ne.” Na yi ta turawa gaba, mangaza, kalangu, tsohuwa mai mayafi, kumandan.

Can wajen ƙarshe hoton ya yi rawa, sai ga kore. Gona ce. Abin da ya rage bai kai minti ɗaya ba, kuma a daidai wurin Yaya ya riga ya juya kyamara kan manoma. Ƙafafu kawai ake gani da hauyoyi suna tashi suna sauka cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Baba bai fito ba ko gefen rigarsa. Amma gangar na nan, tana tashi daga bayan hoton.

Inna ta matso har ta kusa taɓa telen. Ta karkata kai tana saurare. Ta ce, “Shi ne. Hannunsa ne wannan.” Da ya ƙare ta ce, “Maido.” Na maido. Ta ce, “Ƙara.” Ban san sau nawa na maido ba, har gurup ya yi tari ya mutu, isansi ya ƙare. Ta gyara mayafinta ta dube ni. Na so ta zage ni, wallahi na so ta ɗauki muciya ta rotsa mini kai. Abin da ta ce kawai shi ne, “Da ka kawo shi tun da fari, Auta.” Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki.

Daga baya wani mai ɗaukar biki a Maraɗi ya nuna mini cewa da na cire kaset ɗin gaba ɗaya, kyamarar ba za ta mutu ba ko sau ɗaya. Ya nuna mini wani ɗan harshen roba a gefen kaset, wanda in ka karya shi ba mai iya ɗaukar wani abu a kai. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na yarda. Shi ya sa duk yaron da ya zo koyo wurina, kafin ya taɓa wani maɓalli sai ya faɗa mini abin da ke cikin na'urar.

Amma ban ɗora laifin kan maɓalli ba. Wata bakwai kaset ɗin na hannuna lafiya lau, tsohuwa na roƙona, ina cewa in an kwana biyu. Inna ta rasu shekara uku bayan nan ba ta sake tayar da maganar ba. Na haska fuskokin mutane da ban san iyakarsu ba, amma yau in na rufe ido ina neman ta Baba, sai ta ƙi tsaya mini sosai, kuma babu inda zan je in duba. Ina kewarsa, ina kewarta. Abin da na koya shi ne, in tsohonka ya roƙe ka abu kuma yana hannunka, ka tashi ka kai masa a ranar, ko da a ka za ka ɗauka.