Jan Ƙyallen Malam Sabi'u

Ranar Asabar ce, bayan azahar. Ina zaune a wani gidan abincin Musulmi a unguwar Xiaobei ta birnin Guangzhou, an ajiye mini taliya ko taɓawa ban yi ba, sai wayata ta yi ƙara. Alhaji Isufu ne, mutumin Maraɗi, maƙwabcin ɗakin Malam Sabi'u a unguwar Sanyuanli. Bai tsaya doguwar gaisuwar da ya saba ba.

Ya ce, "Nasiru, sai haƙuri. Malam Sabi'u ya cika yanzun nan. A matattakalar bene ya faɗi, muka kai shi asibiti, likita ya ce zuciya ce."

Na yi inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, na sake maimaitawa. Amma tunda a kan mutumin da bai iya ƙarya ba nake rubutu, ni ma ba zan yi ta ba. Abin da ya fara faɗo mini a rai ba fuskar Malam ba ce, kuma ba iyalinsa ba ne. Wani shuɗin babur ne da ke Kano, a hannun ƙanena Kabiru. 

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Sabi'u bakaniken babura ne. A Fagge ya koyi aikin, ya yi shekaru yana yi, kafin wani ɗan kasuwa ya taho da shi Guangzhou don ya riƙa duba masa kayan gyara. Ɗan kasuwar ya koma, shi ya zauna. Yakan yi wa kansa dariya, wai shi ne bakaniken da Allah ya kawo garin da aka hana hawan babur a cikinsa. Saboda haka aikinsa a bayan gari yake. Sai mu hau jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layi, mu ɗauki tasi zuwa rumfunan da ake tara tsofaffin baburan tsere, manyan nan masu ƙugi da samarin gida ke mutuwar so. Mu 'yan kasuwa mu zaɓa, shi ya duba, sannan a yi lodi a kwantena. Shekara shida ina bin sa haka, duk ɗan abin da na sani a kan babur a wurinsa na tsinta.

Yana ɗingishi da ƙafar hagu, tun wani haɗari da ya yi yana saurayi a hanyar Zariya. Bai cika son maganar ba. Sau ɗaya kawai ya ce mini babur ɗin da ya kayar da shi takardunsa cikakku ne, babu wadda ta ɓata.

Idan ya isa rumfa, ba ya barin a tayar da inji. Bayan hannunsa yake fara ɗorawa a jikin injin. In ya ji ɗumi, sai ya ja kujera ya zauna, ya ce a kawo shayi, sai injin ya huce. Cewa yake yi, "Injin da aka ɗumama kafin ka zo, an riga an koya masa abin da zai gaya maka." Masu rumfunan sun san halinsa. Da sun hango ɗingishin nan sai su fara ɗaga hannu suna dariya, suna "meyo, meyo", wato babu, yau babu babur. Shi kuma ya ce, "Lawban," wato maigida, "akwai," ya wuce ciki abinsa.

Kada a ɗauka yana ƙin tsofaffin baburan nan. Babu wanda ya kai shi kare su. Yakan ce yawancinsu sun fi sababbin na araha cin gwajin da hukuma ke yi kafin ta bar abin hawa ya hau titi, don masu su lallaɓa su suke yi, a goge, a canja mai a kan kari, a rufe da mayafi in an yi ruwa. Sai dai ya ƙara da cewa mai gwaji fitila yake dubawa, da birki, da ƙaho, da hayaƙi, ba shi da lokacin cire tanki ya leƙa ƙarƙashin fenti. Shi Malam yana da lokacin. Zai karanta shekarar taya, don ya sha ganin taya mai zane raɗau amma robarta ta bushe. Zai lanƙwasa tiyon birki ya ga ko ya tsattsage. Zai bi ƙashin babur yana ƙwanƙwasawa da sifana, kunnensa a kusa. Wanda bai yarda da shi ba, sai ya zaro jan ƙyalle daga aljihu ya ɗaura a hannun babur ɗin. Ba ya jayayya, ba ya ɗaga murya. Na taɓa ce masa ya cika tsanani, ya ce, "Ni ba babur nake dubawa ba, uwar wanda zai hau nake dubawa."

Kabiru ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinmu. Yanzu ya gama karatu, ya zama mutum, amma son babur ɗin tsere bai sake shi ba tun yana firamare. Na yi masa alƙawarin ɗaya. Wata biyu da suka wuce na ga wanda yake so a wata rumfa, shuɗi, tsohon yayi, yana ƙyalli, ga takardar gwajinsa ta bana. Rawar jiki ta sa na tura masa hoto tun kafin Malam ya duba. Kafin mu sha ruwa ya riga ya nuna wa duk abokansa.

Malam ya cire tankin, ya bi wuyan babur ɗin da farce, daidai inda sitiyari ya haɗu da ƙashi. Ya shinshina fentin. Ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can. Sai na ga hannunsa ya nufi aljihu.

Na ce, "Haba Malam, ga fa takarda, bana ya ci gwaji."

Ya ce, "Na gani. Wuyansa ya taɓa karyewa, an yi walda an shafe da fenti. Zai yi wata yana lafiya, zai iya yin shekara. Ranar da zai rabu biyu kuwa, a guje zai rabu. Takarda ba ta hawa babur, Nasiru. Kabiru ne zai hau."

Ya ɗaura ƙyallen, muka tafi. Washegari na koma ni kaɗai, na kwance ƙyallen da hannuna, na jefar a kwandon shara, na ce wa mai rumfar ya haɗa babur ɗin da sauran da na saya. Na gaya wa kaina tsoho ne, tsoro ya yi masa yawa, kuma ai hukuma ta fi shi kayan aiki. Gaskiyar ita ce kunyar ƙanena nake ji, ba na so in ce masa na fasa.

Ranar lodi Malam ne, kamar kullum, yake zuƙe fetur yana cire batir kafin a sa kowane babur a akwati. Da ya zo kan shuɗin ya tsaya, ya dubi hannun babur ɗin inda ƙyalle ya kamata ya kasance, ya ɗago ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina latsa waya.  Ya durƙusa ya yi aikinsa, ya ɗan daɗe a kansa, aka rufe kwantena. Tun daga ranar nake guje masa. In na hango shi a masallacin Juma'a sai in canja sahu. Sau biyu ya kira ni, na ce ina Zhanxi Lu wurin takalma, zan neme shi. Kullum da niyyar gobe zan je in tambaye shi ko abin na gyaruwa, kullum sai in kasa. Haka wata biyu suka wuce, barcina bai taɓa cika ba.

Babur ya isa hannun Kabiru ranar Juma'a. Ya gaya mini zai sa batir da mai, da safiyar Asabar su fita da abokansa hanyar Zariya su gwada shi. Lokacin da Alhaji Isufu ya kira ni, safiyar ce a Kano. Mutum ɗaya ne a duniya ban da ni ya san abin da ke ƙarƙashin fentin nan, ga shi kwance a asibiti an rufe masa fuska. A lokacin ne na yarda da kowace kalma da ya faɗa.

Na kira Kabiru, ta yi ta ringi bai ɗauka ba. Na sake kira. Na kira a bakin titi, na kira a cikin jirgi har zuwa Sanyuanli, mutane na kallona don a fili nake salati. Na so in kira mahaifiyarmu, na fasa, don ban san me zan ce mata ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ina ganin hanyar a idona, da tireloli, da yadda yaron nan yake kwantawa a kan babur in ya samu fili.

Alhaji Isufu na jirana a ƙofar ɗakin marigayin, ana neman fasfo ɗinsa don takardun asibiti. Ɗakin ƙarami ne, katifa, darduma, buta, da akwatin kayan aiki. Fasfo ɗin na cikin akwatin. A gefensa akwai wani ƙullin abu, an naɗe shi da jan ƙyalle. Alhaji ya juya shi ya miƙo mini.

Ya ce, "Wannan sunanka ne a jiki."

Na warware. Ɗan baƙin akwatin nan ne da makanikai ke kira ƙwaƙwalwar babur, wanda in babu shi inji ba ya tashi ko za a kwana ana bugawa. A jikinsa an manna takarda da rubutun Malam: Na shuɗin Nasiru. Sai ya zo ya tambaye ni.

Na zauna a kan katifarsa. Ashe abin da ya daɗe yana yi ke nan ranar lodi. Bai tona mini asiri a gaban 'yan kasuwa ba, bai kuma bar ƙanena ga wautata ba. Ya san babur ɗin tsohon yayi ne, samun irin kayan nan sai an sha wuya, kuma dole in dawo wurinsa. Wata biyu yana jirana, ni ina canja sahu a masallaci.

Ina nan zaune Kabiru ya kira, ga hayaniyar kasuwa a bayansa.

Ya ce, "Yaya, yi haƙuri, wayar na aljihu. Wallahi an cuce mu, mashin ɗin ya ƙi tashi, wai an zare masa ƙwaƙwalwa. Tun safe nake Ƙofar Ruwa. Amma wani ya ce gobe zai samo mini."

Na ce, "Kabiru, don girman Allah bar kasuwar nan ka koma gida. Ba cutarka aka yi ba. Ni ne na so in cuce ka."

Na gaya masa komai. Sai ya ce ai akwai takarda. Na ji maganata ce sak a bakinsa, sai kuka ya ƙwace mini. Na roƙe shi ya kai wa mai walda a kankare fentin kawai, in bai ga komai ba in saya masa ƙwaƙwalwar da kaina. Bayan kwana biyu ya turo hoto. Ban da tsohuwar waldar, wata sabuwar tsaga ta fito a gefenta, ta kusa zagaye wuyan. Da kansa ya sa aka yanka ƙashin gida biyu, don kada wani ya saya ya mayar da shi titi.

An yi wa Malam sutura bayan an gama takardu, muka kai shi maƙabartar Musulmi. Mai rumfar da ya fi kowa yi masa "meyo" ya zo ya tsaya daga nesa har aka gama. Kabiru ya je gidan marigayin a Fagge ya yi wa matarsa Hajiya da yaran ta'aziyya. Bai ma taɓa ganin mutumin ba.

Har yau tsoron bai sake ni ba. Rumfunan na nan cike da babura masu ƙyalli da takardu masu hatimi, 'yan'uwana na zuwa suna saye, ga samari can gida suna jira. Wasu sun ce ni zan riƙa duba musu, tunda na zauna da shi. Na karɓi sauran ƙyallayensa, na kuma iya ƙwanƙwasa ƙarfe. Amma na san hannun da ya kwance ƙyallen nan nawa ne, shi ya sa kullum kafin in shiga rumfa sai na roƙi Allah Ya tsare ni daga kaina.

Allah Ya jiƙan Malam Sabi'u, Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa da gida. Yadda ya rufa mini asiri, Allah Ya rufa masa ranar tsayuwa. Allah Ya ba Hajiya haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya tsare 'ya'yansa a kan kowace hanya kamar yadda ya tsare ɗan wata uwa. Malam, ka ce sai na zo na tambaye ka. Na zo, ban same ka ba. Ka yafe mini.