Neman Gaisuwar Sinanci Daga Ƙofar Kaura Zuwa GRA

Fita

Da na sallame Asuba na ɗauki takardar roƙonmu, na fita. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ne injin rijiyar burtsatsen unguwarmu ya tsaya, mata da yara suka koma jan ruwa daga nesa. Mutanen Sin ne suka kafa shi, su kaɗai ke da irin ƙarfen da ya karye. Ni ne sakataren unguwa, don haka aka ɗora mini rubuta wa kamfaninsu.

Mai tafireta ya buga da Turanci, ya buɗe da "ga duk wanda abin ya shafa". Na ce sam. Mai roƙo ba ya shiga gidan mutane haka. A sa gaisuwa ta mutunci, kuma da harshensu.

Zango na farko: ofishin ruwa

Ɗan kabu-kabu ya sauke ni kafin a buɗe. Da akawu ya iso muka gaisa, na ce ina neman sunan shugaban 'yan Caina.

Ya ce, "Malam, mu kanmu ba mu san sabon shugabanmu ba. Na da ya tafi da sojoji. Tafi GRA, akwai sauran 'yan Cainan a gida mai koren ƙyaure."

Zango na biyu: GRA

Gidaje uku na samu masu koren ƙyaure. A na ukun na tarar ana ɗaure akwatuna. Direbansu, Malam Sule, ya yarda ya yi mini tafinta, ya kai ni gaban mutum biyu, dattijo da saurayi.

Saurayin ya karɓi takardar ya zana wasu alamomi a sama. Sule ya ce ma'anarsu "mai girma, namiji ko mace". Dattijon ya leƙa, ya girgiza kai, ya soke, ya zana nasa: "shugaba abin girmamawa". Sai gardama ta kaure tsakaninsu.

Na ce, "Sule, mi suke cewa?"

"Tsohon ya ce a garinsu ba a gaida mutum sai an san muƙaminsa. Yaron ya ce wannan tsohon yayi ne."

"To, ina tambayar iyali da gajiya?"

"Wai babu wurinta."

Nan kaina ya ɗaure. Na ce a bi tsari: ta dattijo a sama, ta yaro a ƙasa.

Can dattijon ya ninke takardar ya sa a aljihu. Sule ya ce, "Ya ce wasiƙa marar suna a kwandon shara take kwana. Jibi zai koma gida, zai miƙa ta hannu da hannu ga wanda ya sani, ya gaishe shi da baki." Aka ba ni shayi ba sukari, na shanye don ladabi.

Komowa

Na iso gida bayan Azahar. Mai unguwa na zaune a zaure da dattawa.

Ya ce, "Malam Sakatare, an samu gaisuwar?"

"An samu har biyu, ranka ya daɗe."

"Ina takardar?"

"Ta kama hanyar Sin."

"A hannun wa?"

Sai a lokacin na farga. Ban tambayi sunan dattijon ba, shi ma bai tambayi nawa ba.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Sule. Da yamma na ɗauki jarka biyu na bi layin ruwa.