Baba Ezekiyel da Mikoron da Ya Ɗaura wa Dabora

Kafin rana ta yi zafi a Banifandu, Baba Ezekiyel ya riga ya share rumfarsa, ya jera jitocin mutane a jikin bango kamar majinyata, ya ɗora ƙarfen narka dalma a kan garwashi, don bai taɓa yarda da wutar Yamai ba. Haka yake yi kullum tun da ya zo daga Dogon Dutsi yana saurayi. Ruwa ya taɓa cinye masa rumfa, ya sake kafawa. An tashe shi daga bakin hanya, ya koma lungu, makaɗa suka bi shi can. Bana hannunsa ya fara rawa, ya ce ya ajiye aiki.

Masu kiɗan biki da na majami'u duk suna da labarinsa. Mu 'yan mata namu guda ne, kuma ba za mu gaji da faɗinsa ba.

Dabora, ɗalibar jami'a, ta daɗe tana koyon jita a ɓoye. Da ta nemi shiga cikin makaɗan majami'arsu, shugabansu Ishaku ya ba ta asabar guda ta gwaji: in ta gamsar, ta zauna, in ba haka ba, ta koma layin mawaƙa, a daina maganar. Jitar da ta saya ta hannu ce, mikoronta biyu duk sun mutu, wato ƙarafan nan da ke ƙarƙashin tsirkiya suna kai sauti ga ampili, na'urar ƙara sauti.

Da ta kai masa ita, Baba ya juya ta, ya yi tsaki. "Ɗiyata, wa ya sayar miki da gawa?"

"Baba, ai shi ya sa na kawo ta wurin mai tayarwa."

Ya yi dariya har da tari. Mikoro mai kyau guda ɗaya ya rage masa, mai tagwayen naɗin waya, irin wanda ke kashe gurnanin ampili. Gurbi biyu, mikoro ɗaya.

"In na ɗaura shi kusa da wuya," in ji shi, "muryar za ta yi kauri da taushi, ta kwanta ƙarƙashin mawaƙa. Ko kin yi kuskure ba mai ji. In na ɗaura shi kusa da jaki, inda tsirkiya ke hawa, za ta yi kaifi ta tsaga taro. Daɗinki za a ji, kuskurenki ma za a ji."

Wani mai ganga da ke zaune ya sa baki: "A sa mata na wuya, Baba. Mace ce, a rufa mata asiri."

Baba bai ko dube shi ba. "Kai ne za ka kaɗa? Ɗiyata, ke nake tambaya."

"Na jaki," in ji Dabora.

"Madalla. To sai ki je ki wahalar da yatsun nan."

Ta wahalar da su kuwa, har suka yi kanta. Ranar asabar da ta saki kiɗa, tsofaffin matan da ke shara a waje suka ajiye tsintsiya suka shigo. Ta yi kuskure sau ɗaya, kowa ya ji, ba ta tsaya ba. Da aka gama, Ishaku ya ce, "Gobe ki zo da wuri. Kuma ki rage ƙarar nan kaɗan, don Allah!" Ba ta rage ba. Yau ita ke jan kiɗa, kuma 'yan mata sun fara leƙa shagunan jita ba tare da sunkuyar da kai ba.

Baba, kai ne likitan tsirkiya, mai gyara ba ya raina mai kawowa. Kai ne ka ga yarinya ka tambaye ta abin da take so, ka kuma jira amsa. Mun gode. Allah ya huce gajiya, ya ƙara lafiya, ya sa hannun nan ya huta da daɗi.

Ku kuma masu sana'a na Yamai, daga Bobiyel har Kwara Kano: in yarinya ta shigo da kayan aikinta, kada ku zaɓa mata. Ku faɗa mata gaskiyar kowanne, sannan ku yi shiru, ta faɗa da bakinta.