Babban Yatsan Uwar Banda

Sau ɗaya na ga an kayar da taubashiyata Uwar Banda a gardama, kuma a asibitin ido ne. 'Ya'yanta suka kai ta, tana ta rantsuwa cewa ko allura ce ta faɗi cikin yashi za ta tsinto. Muna shiga ofis ta russuna ta gaishe da farar rigar da ke rataye a bayan ƙofa. Da rigar ta ƙi amsawa, ta juyo ta ce mini likitocin zamani ba su da tarbiyya. Likitan yana can kan kujerarsa yana fama da dariya.

A makon 'ya'yan suka garƙame mata rumfar kifinta. Wai wadda ke gaishe da riga, ruɓaɓɓen kifi za a riƙa ɗora mata. Matar da ta yi shekara arba'in a gaban gangar banda, ta rene su su shida da hayaƙi! Ta zauna a gida tana ramewa, ko zagina ta daina yi.

Autanta da ke aiki a ƙasar waje ya aiko mu je ta huta, ni ce 'yar rakiya. Dogayen benaye ba su burge ta ba. Ta ce ɗakunan kaji ne aka ɗora kan juna. Sai ranar da ya kai mu kasuwar kifi na ga ta miƙe wuya.

Ƙasa jiƙe sharkaf, ƙarti cikin dogayen takalman roba suna tura amalanke suna ihu da yarensu. Ƙanƙara tuli-tuli, ga wani kifi ya kai ɗan maraƙi. A can ba a taɓa kaya, nuni ake yi daga nesa. Auta ya gyara tabarau, ya nuna wani ƙaton kifi mai sheƙi.

Kafin a ankara ta kai hannu. Ta danna cikin kifin da babban yatsa, ta ɗaga kunnensa, ta sunsuna. Mai kifin, wani mai gemu, ya ƙwalla ƙara kamar an taka masa ƙafa.

“Inna, don Allah! Za ki ja mana magana.”

“Faɗa masa wannan ya kwana uku. Wanka kawai aka yi masa da safe.”

“Gwaggo, ki yi mata magana mana.”

Na ce to. Na ɗaga wa mai gemu yatsu uku, na toshe hancina.

Hayaniyar ta fito da wata tsohuwa daga bayan rumfa, ashe uwarsa ce, mai wurin. Ta danna kifin daidai inda Uwar Banda ta danna. Ramin yatsa ya zauna, bai taso ba. Ta zabga wa ɗan nata tsumma a ƙeya, ta wurga kifin cikin bokiti. Sannan ta kama hannun taubashiyata ta zaga da ita. Tsofaffi biyu, ba mai jin yaren wata, suna danne-danne suna gyaɗa kai. Rabon da in ga haƙoranta haka tun kafin a rufe rumfa.

Yau tana rumfarta, hayaƙi na tashi, ta koma kirana mai bakin reza. Maganar makullin rumfar kuwa tun a mota ta kashe ta, ranar da muke dawowa daga kasuwar kifin nan ta ƙasar waje. Auta ya fara cewa duk da haka ido ido ne, likita ya ce a huta. Ba ta bari ya ƙarasa ba.

“Kai mai ido biyu har da tabarau, ba kai ka zaɓo mana mushe ba? Kira yayanka, ya ajiye mini makullina.”